Kwanon Da Ya Sauko Wayam

Shekarar da Iraƙi ta haɗiye Kuwait muna zaune a unguwar Ammariyya cikin Jidda, hawa na biyu na wani tsohon bene, ni da 'ya'yana uku da surukina, mahaifin mijina. Mijina yana aikin gini a Makka, sai Juma'a muke ganinsa. Umra muka zo muka zauna, ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba mai ba mu haya da sunanmu. Takardar ɗakunanmu biyu da sunan maƙwabcinmu na sama take, wani Bahaushen Sudan direban kamfani. Duk ran da ya janye sunansa, ran nan muna titi. Na san haka, shi ma ya sani.

Tsakanina da matarsa akwai kwano. Al'adar unguwar ce, in kin yi girki ki zuba wa maƙwabciya, ita kuma ba ta mayar miki da kwano wayam, ko dabino uku ne sai ta saka. Shekara shida kwanon silba ɗaya yana hawa da miyar kuka, yana saukowa da wake ko kisra, gurasarsu ta Sudan.

Surukina, wanda muke ce wa Baba, ya yi yaƙin Bama yana saurayi, a can ƙafarsa ta hagu ta sandare. Da rediyo ta ce wakilan ƙasashen biyu sun zauna a nan Jidda sun tashi baram-baram, washegari kuma tankoki sun shiga Kuwait, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Na taɓa ganin wannan," in ji shi. "Haka shugaban Jamus ya yi. Ya ciji ƙasa ɗaya, manya suka bi shi har gida, suka sa hannu a takarda, suka ce ai ya ƙoshi. Ya ciji ta biyu. Na Italiya ya danne Habasha, sarkinsu ya kai kuka taron ƙasashe, kowa ya kau da kai. Ƙarshenta wa aka ɗebo daga Zariya aka kai daji? Mu."

Maƙwabcin yakan sauko shan shayi bayan La'asar. Ranar ya iske maganar da zafinta.

"Ya Hajj, wannan na Bagadaza namiji ne. Shi kaɗai ya iya kallon Turawa ido cikin ido."

"Namiji? Ka taɓa jin warin mutum ya kwana uku a rami?"

"Kai ai dole ka so su. Kaya ka ɗaukar musu, suka sallame ka da ƙafa ɗaya."

Tsohon ya nuna masa ƙofa da sanda. "Fita."

"Daga ɗakin wa? Shi ke nan, ya Hajj, na fita. Amma ka tuna sunan wa ke takarda."

Ina bayan labule ina jin su. Ni ba mai yawan magana ba ce, abin da na iya shi ne girki. Washegari na soya waina na cika kwanon, na hau da kaina. Matar ta karɓa ba ta ce in shigo ba. Ta ce maigidanta ya ce in cire igiyar shanyata daga saman bene. Na cire. Bayan sati guda aka ce mabuɗin injin ruwa zai koma hannunsu, sai sun gama sannan mu tari namu. Na miƙa. Sai kuma aka ce ƙarar rediyon Baba tana damunsu. Na riƙa rufe taga cikin zafin nan na Jidda, yara suna jiƙewa da gumi. Kwano dai yana hawa yana sauka, ni kuma ina ce wa kaina zaman lafiya nake saye.

Daga nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa matar Baba ya yi nadama, girma ne ya hana shi faɗa. Na sauko na ce wa Baba mutumin ya aiko a ba shi haƙuri. Kowa ya ji daɗi. Na ɗauka na kashe wuta.

Ran wata Juma'a suka haɗu a matakala, an dawo daga masallaci.

"Ya Hajj, na karɓi haƙurinka. Yalla, ya wuce."

"Haƙurin wa? Ba kai ka aiko ba?"

Dukansu suka juyo suka kalle ni. Ina tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya.

"Maƙaryata," in ji maƙwabcin. "Daga tsohon har surukar." Ya haye sama yana zagi da Larabci.

Baba bai ɗaga murya ba. "'Yata, tun ran igiyar shanya ya kamata ki faɗa wa mijinki mu nemi wani wuri. Kin ba shi ɗaya, kin ba shi biyu, kin zaci zai ƙoshi."

Washegari da hantsi na buɗe ƙofa na tarar da kwanon a ƙasa, a wanke, a kife. Babu ko ƙwayar dabino. Ban jira an yi mini bayani ba, na shiga na fara ɗaure kaya. Bayan kwana uku mai benen ya aiko cewa wanda ya kama ɗakunan ya sake su.

Satin da jirage suka fara ruwan wuta a Bagadaza muka koma ɗaki ɗaya a unguwar Ruwais, mu shida, banɗaki na haɗaka. Mijina ne ya goyo mahaifinsa daga benen, tsohon yana rungume da rediyonsa. Matar tana leƙe ta taga. Shekara shida, ta kasa cewa a sauka lafiya.

Bayan wata biyu na ji kafilin maƙwabcin, wato uban gidan da ya tsaya masa, ya ƙi sabunta masa iƙama, saboda gwamnatinsu ta tsaya bayan na Bagadaza. Jirgin ruwa suka bi suka koma. Wata ta ce in je mu yi sallama, a yafi juna. Na ce ina da wanki.

Tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci nake son rubuta wannan, sai yanzu na iya. Mutane suna ce mini mai haƙuri. To, kwanon yana nan a ƙasan gadona, ban sake zuba wa kowa abinci a cikinsa ba, kuma ban yafe ba.