Malama Hassu da Enzayim ɗin Tumbin Saniya

Ina gonar mahaifina a Sabuwa, muna karyar masara da hantsi, wayata ta yi ƙara. Kabiru ne, babban ɗan Malama Hassu. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Lawal, Hajiya ta cika ɗazu. Bayan azahar za a yi jana'iza a Mabai." Na yi salati, na ajiye kwandon da ke hannuna, na zauna a kan kunya. Na san daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Dakta Hassu ce ta duba aikina na digiri na uku a jami'a, a fannin sinadaran jikin halittu. Mu ɗalibanta Malama muke ce mata. 'Yar manoma ce, kuma tambayar da ta yi wa hidima tsawon rayuwarta daga turken shanun gidansu ta samo ta: ya aka yi saniya ke cin busasshen kara ta yi ƙiba, alhali mutum in ya ci ba abin da zai ƙara masa?

A makona na farko ta kai ni kwatar Kankara ranar kasuwa. Ta naɗe hannun riga, ta sa safar hannu, ta ɗebo abin da ke cikin tumbin saniyar da aka yanka. Wani dattijon mahauci ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Hajiya, mi za ki yi da wannan ƙazanta?"

Ta ce, "Baba, ma'aikata ne a ciki. Saniya ba ta iya narkar da kara da kanta. Wasu ƙananan halittu ne, bakteriya, ke yi mata aikin. Kara sukari ne da aka ƙulla ya zama doguwar sarƙa, su ke da wuƙar da ke datsa ta. Wuƙar na zo nema."

Wannan wuƙa ita ce enzayim. A aji, Malama kan lanƙwasa tafin hannunta ta kwantar da igiya mai ƙulle-ƙulle a ciki. Ta ce enzayim furotin ne, dogon zare da ya naɗe kansa har ya bar kwari a tsakiya, kuma a kwarin nan sarƙar sukari ke kwantawa. Amino asid biyu, daga cikin tubalan da aka gina furotin da su, suna fuskantar juna a bakin kwarin. Ɗaya ya raunana mahaɗin sarƙar, ɗayan ya cafke sukarin ya riƙe na ɗan lokaci, sai ruwa ya shigo ya raba su. Guntun ya fita, enzayim ya koma yadda yake, yana jiran na gaba.

Aikina shi ne in gano amino asid ɗin da ke cafkar sukarin. Hanyar a fili take: a musanya wanda ake zargi da wani marar aiki, in enzayim ya daina yanka, an kama shi. Na yi hasashe, na gamsu da shi har na rubuta babinsa a kundin digirina tun sakamako bai fito ba. Da ya fito, enzayim yana ta yankansa kamar ban taɓa shi ba. Saura wata biyu in kare aikina, kuma akwai aikin koyarwa da aka yi mini alkawari in na gama a kan lokaci.

Na same ta a ofis, na ce, "Malama, ina ga kuskuren gwaji ne. Ko in bar shi daga cikin rubutun?"

Ta cire tabarau. "Sau nawa ka maimaita?"

"Sau uku."

"To, sau uku ya ba ka amsa, kai ne ka ƙi ji. Lawal, enzayim bai karanta babinka ba."

Na gaya mata maganar aikin da zan rasa. Ta ce ta sani. Washegari ta tsaya gaban kwamitin sashe ta ce, "Ni na sa hannu a kan hasashen nan. In da laifi, nawa ne." Aka ƙara mini shekara guda. Aikin koyarwar kuwa wani aka ba.

Na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba. Na yi makonni gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ba ta lallashe ni ba, amma kullum na shigo ɗakin gwaji da safe sai in tarar ta riga ta dama wa bakteriyar abincinsu, ta jera mini kwalabe. Muka bi waɗanda muke zargi ɗaya bayan ɗaya. A na huɗu enzayim ya daina yanka ɗungurungum. Na tashi zan yi murna, ta ce, "Zauna. Ya mutu, amma ba mu san abin da ya kashe shi ba. Wataƙila naɗinsa muka ɓata. Sai mun gan shi da ido."

Muka daskarar da shi ya zama 'yan ƙwayoyi kamar gishiri, muka aika wa abokan aikinta a ƙasar waje masu na'urar ɗaukar hoton siffarsa. Kafin hoton ya iso ciwo ya kwantar da ita, ta koma gida Mabai. Can na kai mata shi a takarda. Ta tashi zaune da ƙyar, ta bi kwarin da yatsa, ta tsaya. "Ga su nan kau, suna kallon juna." Na huɗun nan ne. Sannan ta ce, "Ka rubuta har da wanda ka yi kuskure a kansa. Na bayanka zai huta."

Bayan an kai ta makwancinta, na shiga cikin gida yi wa mahaifiyarta ta'aziyya. Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Kai ne Lawal? Ta ce ka yi fushi da ita. Ta ce ko ita ce da ta yi." Ban taɓa ba Malama haƙuri ba, kullum ina cewa sai wani zuwan. Ashe ta daɗe da wuce wurin.

Allah Ya jiƙan Malama Hassu, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta. Allah Ya ba maigidanta Alhaji Sada haƙuri, Ya raya Kabiru da ƙannensa a kan gaskiyar da ta tsaya a kai, Ya sanyaya zuciyar tsohuwar da ta ga tafiyar 'yarta. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.