Abin da rawanin Baba ya rufe

Bana shekara goma sha biyar da rasuwar Baba, maƙerin azurfa a tsohon garin Agadas. Shekarar fari ce, sojoji ke mulki, kamar yau. Kowa ta hatsi yake, wa ke ta ciwon bayan tsoho?

Ciwon baya, haka aka ce mana. An kai shi Yamai, aka yi masa radiyo, ya dawo da hoton ƙashin bayansa da ƙwayoyi. Wata huɗu ya ƙara.

Watan jiya na tsinci hoton a akwatin Inna. Na kara shi a taga, na ɗauka da salula, na tura wa ƙawata lokotoro, mai duba marasa lafiya. Ta kira ni nan take.

"Wannan kansa ce, ciwon daji, kuma da wuya a ƙashi ta fara. Ba shi da kumburi a wuya ko ƙarƙashin kunne?"

Ni ban taɓa ganin wuyan Baba ba. Rawani har bisa hanci, ko abinci yake ci ta ƙasa yake kai loma. Labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar da ke cikin rawani fa? Ko a likita, baya ya ce, baya suka duba.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baffa, ƙanensa, shi ya wanke gawar. Na tambaye shi, ya ce, "Ɗiyata, bar matacce ya huta." Bai ce babu ba. Inna kuwa ta tashi, wai tukunya na ƙonewa. Ba wuta a murhu. Tun yaushe suka sani? Shi ya hana su faɗi, ko kunya ce ta cinye mu duka?

Da yana raye ya ga na'urar sikana ta yau mai duba cikin jiki, na san me zai ce: ƙarfe ba ya tuɓe wa namiji rawani. Allah ya jiƙan shi, taurin kai ne da shi kamar uwar maƙera.

Ƙawata ta ce wani irin wannan ciwon yana bin jini. Yayana Ilyasu na haƙar zinariya a Cibarakaten, ya gaji hannun Baba, ya gaji naɗinsa. Jiya na kira shi ta bidiyo.

"Yaya, sauke rawanin in ga wuyanka."

Ya yi dariya, ya ce rezo ba kyau, layin waya na yankewa. Rezo lafiya lau yake. Na sayi tikitin mota, jibi zan tafi.