Kaset Biyu da Aka Aiko wa Baffa

Duk lokacin da na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa wadda aka tuge da safe, ƙasa ba ta gama kaɗewa daga jikinta ba, sai zuciyata ta koma tsakar gidanmu na Ajingi. Ban sani ba ko kai ma an taɓa yin ranar da ka gane mutumin da kake durƙusawa kana gaisarwa kullum, ashe ba ka san shi ba. Ni tawa ranar ta zo ne ina 'yar shekara goma ko sha ɗaya, an kawo amfanin gona gida, muna tsakiyar ɓarar gyaɗa.

Gidanmu gidan ƙira ne. Kakanmu, wanda yaro da babba ke ce wa Tsoho, yana da maƙerarsa a zaure, inda yake ƙera fartanya da lauje da garma. Da ƙarar masabarsa muke tashi, in kuma ta yi shiru mun san azahar ta yi. Kakarmu ban taso na same ta ba, ta rasu tun kafin a haife ni.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Yana saurayi aka tura shi ƙasar Turawa koyon gyaran tarakta. Shekara biyu aka ce zai yi, sai ya yi tara. Ni dai na buɗe ido na gan shi mutum mai shiru-shiru, da farar hula da ɗan gemu, yana da rumfar gyaran injuna a Gaya, kullum ya tafi a babur ya dawo kafin la'asar. Shi yake jan salla a ɗan masallacin ƙofar gidanmu. Kuma ba ya zama inda ake kiɗa. Na tuna ranar bikin goggonmu, da makaɗan dundufa suka zo yi wa Tsoho kiɗan maƙera, tun kafin su sauke ganguna Baffa ya ɗauki butarsa ya nufi gona. Mutane suka yi ta yaba masa, suna cewa tsoron Allah ne.

Ranar da nake ba ka labari, da hantsi wani direban bas ya tsaya ƙofar gida ya miƙo ƙunshi, ya ce daga gidan waya na Gaya aka ba shi, na Baffa ne. Shi kuwa Baffa ya tafi Toranke gyaran injin niƙa. Tsoho ya jujjuya ƙunshin, ya ce wataƙila wani ƙarfen inji ne da ake jira, a buɗe a gani ko abin gaggawa ne. Yayana, da yake shi ke sakandare, shi aka ba.

Babu ƙarfe a ciki. Kaset ne guda biyu cikin baƙin kwali, da ɗan littafi mai hotuna, da wasiƙa. Yaya ya karanta a hankali, yana tsayawa yana sake komawa. Ya ce wasu makaɗa ne na can, su biyar, sun tattara waƙoƙinsu tun daga na farko har zuwa na ƙarshe a wuri ɗaya domin za su daina, shi ne suka aiko wa Baffa nasa. Ya ce irin kiɗan nasu, in an juya sunansa da Hausa, ƙarfe mai nauyi ke nan. Tsoho ya yi dariya, ya ce ashe Turawa ma suna da kiɗan maƙera, a sa mu ji.

Ni aka aika na ɗauko rikodar mahaifiyata, wadda muke jin wa'azi da ita. Ni na sa kaset ɗin, ni na danna.

Har yau ban sami abin da zan kwatanta ƙarar nan da shi ba. Kamar an zuba tsakuwa cikin injin niƙa, kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, sannan wani ƙato ya fasa kururuwa irin ta bijimin da aka kayar. Goggo ta zabura tana salati, faifan gyaɗar da ke cinyarta ya kife. Kaji suka watse, jaririn da ke goye a bayanta ya tsala kuka, matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga suna tambaya ko gobara ce. Ni kuwa na kasa gane inda ake kashewa, sai da mahaifiyata ta zare batir.

Da gida ya yi tsit, sai muka lura Yaya bai motsa ba. Yana tsaye da littafin a buɗe, bakinsa ma a buɗe. Tsoho ya miƙa hannu ya karɓa, muka taru a bayansa.

Turawa ne huɗu, gashi har kafaɗa kamar mata, uku rungume da jita. A bayansu wani baƙin mutum yana zaune tsakiyar ganguna, babu riga, suma ta tasa kamar kwando, ya ɗaga sanduna biyu sama yana dariya da dukkan bakinsa. Ni ban taɓa ganin Baffa yana irin wannan dariya ba, don haka ban gane shi ba. Tsoho ne ya ɗora ɗan yatsa a kan girar mutumin, inda wani ɗan tabo yake. Tartsatsin wutar maƙera ne ya yi masa shi yana yaro.

Tsoho ya koma zaure ya zauna, littafin a cinyarsa. Gawayi ya ci ya cinye, wuta ta mutu, bai ce a zuga ba. Wannan ce rana ta farko da na ji gidanmu babu ƙarar masaba tun kafin azahar, kuma shirun ya fi kaset ɗin ba ni tsoro.

Ka san ƙauye. Kafin Baffa ya dawo, maganar ta gama unguwa, har an ƙara mata gishiri. Ya iso daidai la'asar, bai san komai ba, ya yi alwala ya nufi gaba yadda ya saba. Yaya ya ba mu labarin cewa wani dattijo maƙwabcinmu ne ya riƙo hannun rigarsa, ya ce masa a hankali yau ya bari wani ya ja. Baffa ya dubi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai, sai ya koma sahun baya.

Bayan an idar, Tsoho ya kira shi zaure, ya ce in kawo rikoda. Na kawo, ba wanda ya ce in fita, sai na rakuɓe kusa da zuga-zugi.

Da Baffa ya ga littafin, sai ya zauna a ƙasa. Bai yi musu ba. Ya ce da ya gama karatu ya kama aiki a wani garejin motoci, in hannunsa babu aiki yakan riƙa buga sufana a jikin ƙarfe. Ɗan mai garejin ya ji, ya kai shi wurin abokansa, suka zaunar da shi gaban ganguna. Shekara biyar suna yawo gari-gari cikin wata tsohuwar mota, kuma waƙoƙin farko na kaset ɗin nan duk shi ya kaɗa su.

Tsoho ya ce ba wannan ya tambaye shi ba. Ya ce lokacin da kakarmu, mahaifiyar Baffa, ta kwanta ciwo an rubuta masa wasiƙa, da ya dawo ya ce wasiƙar ta ɓata a hanya. Yanzu yana so ya sake jin inda ta ɓata.

Baffa ya ce ba ta ɓata ba. Ta isa masaukinsa a kan lokaci, shi ne ba ya nan, yana yawon kiɗa. Bayan wata huɗu ya koma ya tarar da wasiƙu biyu a ƙarƙashin ƙofa, ta ciwon da ta rasuwar, ya karanta su a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar bai ƙara taɓa sandar kiɗa ba.

"Kullum sai ta tambaya ko ka iso," in ji Tsoho. "Ni kuma ina ce mata kana hanya."

Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar, da na ga Baffa yana yi. Na so in gudu, sai Tsoho ya juyo ya ce in mayar da batir in sa kaset ɗin daga farko. Na zaci ban ji daidai ba. Ya maimaita. Na sa, ƙarar nan ta sake cika zaure, ya zauna ya saurari waƙar har ƙarshenta, idonsa a rufe. Can na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa.

"Wannan bugun nawa ne," ya ce. "Biyu a kan ƙarfe, ɗaya a kan uwar maƙera. A zauren nan ka ɗauke shi."

Baffa ya ce, "Haka ne, Baba."

"Hukuncin kiɗa ba nawa ba ne, na malamai ne. Amma wasiƙar, wannan tawa ce. Tashi ka ba ni wuri."

Daga ranar Tsoho bai ƙara yi masa magana ba, in ban da amsa gaisuwa. Aka gama kaka, aka yi rani, gida ɗaya, ƙofa ɗaya. Baffa bai yi fushi ba, bai kuma nemi a mayar masa da limanci ba; sahun baya ya riƙe har tsufansa. Sai da hadarin farko ya fara haɗuwa, manoma suka cika zaure da garemanin da ke son gyara, wata safiya Baffa ya fito zai tada babur, Tsoho ya ce masa, ba tare da ya ɗago kai ba, ya zo ya kama masa ɗaya masabar. Muna tsakar gida muka ji bugu ya zama biyu. Mahaifiyata ta ajiye tsintsiya ta tsaya tana saurare, tana share ido da gefen zane.

Tsoho ya daɗe da rasuwa, zauren ma yanzu shagon cajin waya ne. Nakan yi tunanin yadda a wancan zamani mutum zai iya binne shekara tara na rayuwarsa, ƙasa ta rufe, sai in ƙaddara ta tono. Yaran yanzu ko tuwo suka ci sai duniya ta gani. Bara 'yata ta lalubo waƙoƙin nan duka a wayarta cikin ɗan lokaci kaɗan, har da mutanen wasu ƙasashe suna rubutu a ƙasa, suna tambayar ina makaɗin farkon nan ya shiga.

Muka kai wa Baffa can Gaya, inda yake zaune wurin babban ɗansa. Kunnuwansa sun tafi, sai an yi masa magana da hannu. Na ji tsoron kada mu tayar masa da tsohon ciwo, amma ya karɓi 'yar lasifikar da muka haɗa da wayar, ya tallafe ta da tafukansa biyu yana jin motsinta. Ya daɗe a haka, jikokinsa sun kewaye shi. Can tsakiyar waƙar ya ɓata fuska, ya girgiza kai.

"Nan wurin na yi gaggawa," ya ce. "Da Baba ne, da ya sa na sake."