Siton Albasa na Ɗan'iya Magini

Ɗan'iya magini ne, mutumin Sanyinna ta ƙasar Tambuwal. Sai da ya yi aure har da 'ya'ya kafin ya ga jirgin ƙasa da idonsa. Wata shekara ya tafi cin rani Kano, ya samu aikin yaɓe wurin ɗan kwangilar da ke gyaran wani tsohon sito a tashar jirgi.

Sanyin wurin ne ya fara ɗaure masa kai. A waje rana tana ƙona ƙeya, amma da ka shiga ciki sai iska ta ratsa ka. Ya tambayi maigadin, wani dattijo mai suna Malam Attahiru, wanda mahaifinsa ya yi dakon gyaɗa a tashar.

"Baba, wai mi as sa ɗakin ga ba shi yin zafi?"

"Ɗaga kanka, ɗana," in ji dattijon. Ya nuna masa tsawon rufin, da kafofin da aka bari a ƙarƙashinsa, da ƙofofi masu kallon juna, da daɓen da aka ɗaga daidai bakin tarago. "Tun zamanin Turawa yake. Nan ake tara gyaɗa kafin a loda ta zuwa Ikko, ita kuwa gyaɗa ba ta shiri da gumi."

Nan take Ɗan'iya ya tuna yayansa Sama'ilu, manomin albasa. Kowace shekara ko dai ya sayar da ita da arha lokacin kaka, ko ta ruɓe masa a rumfar kara.

Da ya koma gida ya roƙi Sama'ilu gefen gonarsa. Ya buga tubalin ƙasa, ya ta da bango mai kauri, ya ɗaga rufin sosai, ya shimfiɗa gwangwala sama da ƙasa don iska ta bi ta ƙarƙashi. Masu wucewa kan babur sukan tsaya su yi dariya.

"Ɗan'iya, yaushe jirgin naka za shi iso?"

Shekarar farko bai ji daɗi ba. Ruwan fari ya zo da iska, feshi ya shiga ta kafofin, albasar gefen gabas ta lalace. Sama'ilu ya daina yi masa magana. Ɗan'iya ya zauna yana tuna tashar, har ya gane cewa doguwar barandar da ya ɗauka inuwar 'yan dako ce, ita ke tare feshi.

Ya je ya sami yayansa. "Yaya, na gano inda nik kuskure. Ka ƙara mini shekara guda."

Sama'ilu ya ce, "Rabin albasar nika ba ka, ba duka ba."

Ɗan'iya ya ƙara baranda ta kowane gefe. A wannan karon albasa ta kai tsakiyar damina jawur, ƙwaƙƙwara kamar ranar da aka cire ta. Sama'ilu ya ɗauki ɗaya ya matsa, ya fashe da dariya, ya rungume ƙanensa a gaban direban babbar motar da ta zo ɗauka.

Kafin kaka ta zagayo, manoman Dogon Daji sun aiko wa Ɗan'iya ya gina musu irinsa. Yanzu yana Kebbe da magina biyar a ƙarƙashinsa, suna ta da wani sito da ya ninka na farko, na ƙungiyar mata masu sana'ar albasa.