Sai Mai Wayar Ya Zo da Kansa

A layin masu waya akwai wata mai shago da ake kira Anti Gwada-mu-gani. Shekararta goma sha biyu a wurin, ba ta taɓa sayar wa ɗan aike waya ba.

Na je saya wa Babanmu mai tsadar nan mai kyamara uku. Ta ce, "Je ka zo da shi."

Raina ya ɓaci, amma na kawo shi. Ta ba shi kujera, ta jera masa waya uku a kan tebur, ta karɓi lambata ta rubuta a takarda.

"Baba, ga lambar ɗan nan naka. Kira shi mu gani."

Ya yi ta shafa mai tsadar, ya ƙare da ɗaukar hoton hancinsa. Na miƙa hannu zan taimaka, ta buge min yatsa da biro.

"Kullum kana gida da shi?"

Na janye hannuna. Da Baba ya ɗauki ta ukun, mai araha mai manyan lambobi, sai aljihuna ya hau ruri.

Ribarta ta ragu, ko a jikinta. Yanzu sau biyar Baba ke kirana a rana, ba mai danna masa.