Shekarar da Baffa Ya Ƙi Shuka Saboda Rubutuna

Ina koyarwa a firamaren garinmu, gabas da Ɗanbatta, lokacin da na buɗe ɗan shafina na intanet. Abin da na sani nake rubutawa: yadda ake adana wake, lokacin sa wa gero taki, cutar da ke kama awaki da damina. Da yamma nakan hau tudun bayan makaranta, inda sabis ya fi ƙarfi, in saka rubutun. Masu karantawa ba su da yawa, galibi abokan karatuna ne da ke Kano.

Wata shekara, dab da faɗuwar damina, na yi hira da malamin gona na yankinmu. Ya ce mini ruwan farko yakan yaudari mutane, a shuka, sannan sama ta ɗauke, tsiro ya ƙone. Na zauna na rubuta bayani mai tsawo. Na ce a tona ƙasa a ga inda laima ta kai, na bambanta jigawa da ƙasa mai riƙe ruwa, na ce kowa ya duba gonarsa ya yanke hukunci. Da na zo sa take, na so abin da zai sa mutum ya tsaya ya danna. Na rubuta: “Kada Ka Shuka da Ruwan Farko!”

Rubutun ya bazu fiye da duk wanda na taɓa yi. Aka yi ta tura shi daga waya zuwa waya, har wani ɗan garinmu da ke awon hatsi a kasuwar Dawanau ya kira ni ya ce ya gani. A majalisar ƙofar masallaci aka karanta wa dattawa taken da layuka biyu na farko, aka tsaya nan.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba. Ranar da aka yi ruwan farko, maƙwabta suka fita da sungumi tun da sassafe. Baffa ya zauna a zaure, ƙwaryar irin gero a gefensa.

“Baffa, ba za a fita ba?” na tambaye shi.

“Ba kai ka ce a dakata ba? Na dakata.”

Na fara yi masa bayanin tona ƙasa. Ya ɗaga mini hannu. “An karanta mini. Ka ce kada a shuka.”

Ba shi kaɗai ba ne. Gidaje da dama a unguwarmu sun riƙe irinsu.

Ba a jima ba aka sake yin ruwa, mai ƙarfi. Gonakin waɗanda suka shuka suka yi kore shar, layi-layi. Tamu tana nan fayau a tsakiyarsu, kowa da ya bi hanyar kasuwa sai ya gan ta. Na daina bi ta ƙofar masallaci in ba lokacin sallah ba. Wata rana wani dattijo ya tare ni a bakin rijiya ya ce, “Malam, yaushe wayar taka za ta ba mu izini?” Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Abinci ya daina shiga mini. A aji ina rubutu a allo, idona yana taga, ina duban gabas. Ban san me nake roƙo ba. In ruwa ya ci gaba, na jawo wa Baffa makara. In ya ɗauke, tsiron maƙwabtanmu zai mutu, mutanen da na tashi a gabansu. A shafin kuwa saƙonni suna ta shigowa, wani na godiya, wani na tambayar ko yanzu ya shuka, wani daga garin da ban taɓa zuwa ba yana cewa in ya yi asara ni ne sila.

Matata ta ce, “Malam, ka goge rubutun mana ka huta.”

Na ce gogewa ba za ta sa iri a ƙasa ba. Na hau tudu na canza taken, na mai da shi “Tona Ka Gani Kafin Ka Shuka”, na ɗauko bayanin laima na sa shi a layin farko. Sannan na dawo na sami Baffa, na roƙe shi ya raka ni gona.

Muka tafi. Na durƙusa na tona da hannu. Ƙasar da sanyi har wuyan hannuna, na dunƙula ta, ta riƙe. Baffa ya karɓa ya murza, ya dubi sama.

“Wannan ne ka rubuta a ciki?”

“Shi ne, Baffa.”

“To me ya sa ka ɓoye shi a ƙasa?” Bai jira amsa ba. “Gobe a fito da sungumi.”

Muka shuka, mu da sauran waɗanda suka jira. Bayan haka sama ta ɗauke na wani ɗan lokaci, rana ta buɗe sosai. Kullum da safe sai na je na duba tsironmu. A jigawar arewacin gari wasu gonakin da aka shuka da wuri sun ƙone, aka sake shuka. Na kusa da fadama ba abin da ya same su, masu su ne suka fara cin sabon gero, mu muna kallo. Namu ya zo a makare, bai kai na bara ba, amma ya cika rumbu daidai gwargwado.

Har yau a garinmu ba a daidaita kan maganar ba. Wanda gonarsa ta ƙone yana cewa da ma ya saurare ni, na bakin fadama yana cewa Allah ya so shi bai saurara ba. Ranar da muka gama ɗaure damman gero, Baffa ya ware ɗaya ya ce a kai wa malamin gona, a kuma gaya masa baɗi ya zo da kansa ya yi wa mutane bayani a ƙofar masallaci.