Tarihin Malam, Mai Kai Labari Bayan Dutse

Haihuwarsa

An haifi Malam, mijina, a shekarar 1951, a ƙauyen da ke bayan babban dutse. Mahaifinsa manomi ne, mahaifiyarsa masaƙiya. Yarensu daban da namu, damina tana sauka can kafin ta iso mana, kuma muryar rediyo ba ta tsallake dutsen.

Karatu da aiki

Yana ɗan shekara tara aka kawo shi makarantar gari, nan ya koyi Hausa. A 1974 gidan rediyo ya ɗauke shi aikin gyaran eriya. Yakan ɗaure ƙaramar rediyo a babur, ya bi hanya yana saurare har inda murya ta ɗauke. A nan ya shafa wa wani dutse farin fenti. Shekara talatin yana rubuta takarda a kafa eriya a saman babban dutsen, ba a kafa ba. Saboda haka duk sanarwar da ta shafi mutanensa, ta ambaliya ko ta rasuwa, shi ke hawa babur tafiyar awa huɗu ya faɗa musu da yarensu. Abokan aikinsa kan ce, “Malam, kai ne eriyar, me za a kafa kuma?”

Aure

An ɗaura mana aure a 1978, in ban manta ba. Yayarsa, wadda ta goye shi, ba ta jin Hausa, ni ba na jin yarensu. Da hannu muke hira, shi yana mana dariya.

Rasuwarsa

Ya yi ritaya a 2009, amma bai ajiye babur ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a daminar 2018. Ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa sutura bayan azahar. Gidan rediyo ya sanar sau uku, muka ɗauka kowa ya ji. Babu wanda ya tuna, har ni, cewa mai kai labarin ne ya tafi.

Ranar kwana tara da rasuwarsa yayarsa ta iso a ƙafa, da ƙullin maganin tari a hannu. Ta ga tabarmin zaman makoki a tsakar gida, ta dube ni. Da hannu na faɗa mata.

Ya bar 'ya'ya huɗu: malamin makaranta, ungozoma, tela, da auta direba. Babu mai jin yaren ubansu a cikinsu. Allah ya jiƙansa.